Mu muka yi binciken, da dala ake sayar mana: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin TETFund, NUC da jami'o'inmu

Zuwa ga Babban Sakataren Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, da Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ni malami ne a tsangayar aikin gona ta ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati na Arewa. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba, amma kukan ba nawa ba ne ni kaɗai. Na ƙananan malamai ne masu jiran ƙarin girma, da ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke kwana a kan kundi, da likitocin asibitocin koyarwa, da ma'aikatan ɗakin karatu waɗanda kullum su ake yi wa tsiya alhali ba su ke riƙe da lalita ba. Da gangan na rubuta da Hausa, domin iyayen da ke biyan kuɗin makaranta da 'yan kasuwar da aka yi ta yankar harajin ilimi daga ribar kamfanoninsu su ma su san inda kuɗin ke zurarewa.

Abu biyu ne suka haɗe mana a lokaci guda. Tun watan Yunin 2023 da aka sakar wa naira mara, dalar da ake saye wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma duk wata mujallar bincike ta waje da dala ko fam ko yuro take ciniki. A daidai wannan lokacin ne kuma jami'o'i da dama suka ƙara matse sharuɗɗan ƙarin girma, suka ce sai malami ya kawo maƙalun da suka fito a mujallun da ke cikin jerin Scopus, wani kundi na intanet da ke tattara sunayen mujallun bincike na duniya. An tsawwala kuɗin shiga, an kuma ce dole a shiga.

Ba za mu yi butulci ba. Duk wanda ya leƙa harabar jami'a ko kwalejin ilimi a ƙasar nan zai ga gine-gine ɗauke da sunan TETFund, kuma da yawanmu da kuɗin asusun muka yi karatu a waje. Asusun ma ɗan gwagwarmayar malamai ne: yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 1992 ce ta haifi harajin ilimi a 1993, dokar 2011 ta mayar da shi TETFund, harajin da ya fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni ya kai kashi 3 a 2023. Gini dai an yi, Allah ya saka da alheri. Maganata a kan abin da ɗalibi ke tararwa ne idan ya shiga ginin ya kunna kwamfuta.

Bari in fara da yadda cinikin yake, don na lura ko a cikinmu malamai ba kowa ne ya zauna ya lissafa ba. Gwamnati ce ke biyan mai bincike albashi, ita ke gina ɗakin gwaji, ita ke ba da tallafin aikin. Idan ya gama ya rubuta maƙala, sai ya miƙa wa mujalla ba tare da an ba shi ko sisin kwabo ba, sau da yawa har ya sa hannu ya sallama haƙƙin mallakar rubutun. Mujallar ta aika wa wasu masana biyu ko uku su tantance, su ma kyauta suke yi, da daddare bayan sun gama makin jarrabawa. Daga nan kamfanin ya ɗauki wannan aikin ya sayar wa ɗakunan karatu na jami'o'in da ma'aikatansu suka rubuta suka kuma tantance. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai kasuwa ce, in abu ya yi tsada a bar shi. To ilimi ba irin sauran haja ba ne. Idan na sayar maka da buhun masara, ni na rasa shi ke nan, kuma in na tsuga maka kuɗi sai ka matsa rumfa ta gaba, masara duk masara ce. Maƙala kuwa mutum miliyan za su karanta ba ta ragu da komai ba, kuma a zamanin intanet aika wa mutum na gaba kwafi bai kai kuɗin ruwan leda ba. A hankalce farashi ya kamata ya faɗi ƙasa warwas. Abin da ya hana shi faɗuwa shi ne kowace maƙala ba ta da madadi: wadda ta ƙunshi sakamakon da kake nema a mujalla ɗaya take, kuma kamfani ɗaya ne ke riƙe da makullinta. Sannan akwai abin da masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya lura da shi tun 1962, cewa mai sayen bayani ba ya sanin darajarsa sai ya gani, in kuma ya gani ya riga ya samu. Saboda haka sai ka biya kafin ka san ko abin zai amfane ka. Cinikin biri a sama ke nan, ba ƙari.

Wanda ya fara gane zinariyar da ke cikin wannan harka shi ne Robert Maxwell na Ingila, wanda kamfaninsa Pergamon ya dinga buɗe sabbin mujallu bayan yaƙin duniya na biyu, da sanin cewa kowace ya buɗe dole ɗakunan karatu su saya. A 1991 ya sayar wa Elsevier na ƙasar Holand da kamfanin a kan fam miliyan 440. Wani nazari da masana na Jami'ar Montreal suka fitar a 2015 ya nuna cewa zuwa 2013 kamfanoni biyar kacal ne ke buga fiye da rabin maƙalun da aka ƙididdige. A 2023 sashen kimiyya da lafiya na RELX, uwar kamfanin Elsevier, ya samu kuɗin shiga sama da fam biliyan 3, kuma kusan kashi 38 cikin 100 na wannan riba ce. Ko Jami'ar Harvard, da duk dukiyarta, sai da ta rubuta wa malamanta a 2012 cewa kusan dala miliyan 3.75 da take biyan wasu manyan kamfanoni a shekara ya fi ƙarfinta a ci gaba a haka. In Harvard ta yi ƙara, mu me za mu ce?

Kuka na farko shi ne ba ma iya karantawa. Kwanakin baya wata ɗaliba da nake duba kundinta, tana aiki a kan ƙudujin da ke kashe dawa, ta shigo ofishina riƙe da waya ta ce, "Malam, ga ta na samu, amma ta ƙi buɗuwa." Na karɓa na duba. Tsakure ne, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar, layi takwas, a ƙarƙashinsa akwati mai cewa a biya dala 35. Gonakin da aka yi gwajin a cikinsu ba su da nisa da garinsu, wataƙila ma ta san wasu daga cikin manoman. Dala 35 a canjin 1,500 naira 52,500 ke nan, kashi uku cikin huɗu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a kan maƙala ɗaya, alhali kundi mai kyau yana bukatar gommai. Malamar sakandare ce mai 'ya'ya. Abin da irinta ke yi sananne ne: a kwafe tsakuren, a saka sunan marubucin a manazarta, a wuce. Mu da ke zaman kare kundi mun san wannan warin. Za ka ga manazarta shafi goma, amma da ka tambayi ɗalibi wace hanya marubucin ya bi ya kai ga sakamakonsa, sai ya fara duban silin.

Wanda bai yi haka ba ya koma bara. Kowane sashe yana da zauren WhatsApp, kuma kowane zaure yana da wani bawan Allah da ke karatu a Malesiya ko Ingila wanda ake yi wa, "Dokta, don Allah a taimaka a sauke mana wannan." Ranar da ya gama ya dawo gida aka rufe masa shafin jami'arsa ta can, shi ma ya shiga layin masu roƙo. Ku duba asarar: asusunku ya kashe miliyoyi ya horar da mutum, ya dawo ya kasa sanin me ake ciki a fanninsa bayan shekara biyu.

Kada a ɗauka wannan damuwar masu neman digiri ce kawai. A 1982 wasu masana na Jamus sun buga sakamakon gwajin jinin mutane 433 da aka ɗiba a Laberiya, suka ga alamar cewa wajen kashi 6 cikin 100 sun taɓa haɗuwa da ƙwayar Ebola, suka yi gargaɗin a sa ƙasar cikin yankin da cutar ke iya ɓulla. Babu ɗan Laberiya ko ɗaya a cikin marubutan, kuma maƙalar ta kwanta a wata mujallar Turai. Bayan annobar da ta ɓarke a 2014, wadda ta ci rayuka fiye da 11,000 a Afirka ta Yamma, babbar jami'ar lafiya ta ƙasar, Dokta Bernice Dahn, da abokan aikinta suka rubuta a jaridar New York Times a Afrilun 2015 cewa sai daga baya suka ci karo da gargaɗin, kuma sauke irin wannan maƙala dala 45 ne, wajen rabin albashin mako na likita a ƙasar. Ba na cewa takarda ɗaya za ta tare annoba. Amma jinin nasu ne, gargaɗin don su aka yi, kuma bai iso gare su ba. Ku kwatanta da tsutsar nan mai cinye masara da ta shigo daga nahiyar Amurka: a farkon 2016 aka fara ganin ta a kudu maso yammacin Najeriya, masanan IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, suka buga rahotonsu a PLOS ONE a wannan shekarar, mujallar da kowa ke karantawa kyauta, kuma duk malamin gonan da ke da waya yana iya ganin hoton tsutsar ya gane ta a gonar manomi. Su kansu kamfanonin sun san da wannan bambancin, shi ya sa da korona ta zo a 2020 suka cire shinge daga maƙalun da suka shafi cutar. To zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da ciwon noma fa, su ba gaggawa ba ne?

A nan dole in faɗi abin da kowa ya sani amma ba a faɗa a taro. Abin da ke riƙe da bincike a jami'o'inmu shi ne Sci-Hub, shafin da wata ɗaliba 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta buɗe a 2011, wanda ke raba miliyoyin maƙalu ba da izinin masu su ba. Elsevier ya kai ta ƙara a New York, kotu ta yanke mata diyyar dala miliyan 15 a 2017. Ba na kiran kowa zuwa ga karya doka, kuma ban ga mutuncin ƙasa a ce farfesoshinta da ƙofar baya suke shiga ilimi ba. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai kuma shirin Research4Life, wanda ya fara da HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002 da AGORA na harkar noma a 2003, yana ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karatu kyauta ko a kan dala 1,500 a shekara ga kowace cibiya. Alheri ne babba. Amma kamfani na iya cire mujallunsa daga ƙasar da ya ga dama, kuma a gida ma mun ga inda lambar sirrin shiga ke aljihun mutum ɗaya, in ya tafi hutu an rufe ke nan.

Kuka na biyu ya fi na farko ciwo, domin da hannunmu muka jawo shi. Da duniya ta matsa a buɗe ilimi, tun daga sanarwar Budapest ta 2002, kamfanonin ba su yi musu ba, sai suka juya cinikin: mai karatu ya karanta kyauta, marubuci ya biya. Mujallar Nature ta sa dala 11,390 a kan maƙala ɗaya a 2021. A canjin 1,500 ya haura naira miliyan 17, wato mafi ƙarancin albashi na shekara 20. Wannan ƙololuwa ce, amma ko matsakaiciyar mujalla mai karɓar dala 2,000, abin da yake naira 920,000 kafin Yunin 2023 ya koma miliyan 3. Gaskiya ne ana yin rangwame, wani lokaci a yafe gaba ɗaya, amma alfarma ce ba haƙƙi ba, su ke tsara jerin ƙasashen, kai kuma ka rubuta takardar roƙo. Zaɓin da ya rage wa malami biyu ne: ko ya biya a karanta shi, ko ya buga kyauta a kulle aikin inda ɗalibansa ba za su gani ba.

A cikin wannan hali ne aka ce sai Scopus. Ranku ya daɗe, Scopus mallakar Elsevier ne. Kamfanin da ke sayar da mujallu shi ne kuma ke tsara jerin da muke auna malamanmu da shi. Na fahimci abin da ya sa majalisun jami'o'i suka rungume shi: an gaji da mujallar da abokai uku za su buɗe su dinga buga wa juna, kuma ana son a hau jerin jami'o'in duniya. Niyyar mai kyau ce. Amma ku zo ku ga abin da ta haifa. Maƙalar da mutum biyu suka yi aikinta tana fita da sunaye bakwai, domin an raba kuɗin bugawa kamar adashi, kuma kowa a sashe ya san wanda bai taɓa taka gonar gwajin ba. "Sa sunana, in sa naka" ya zama sana'a. Ƙaramin malami na cin bashin ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, a yi ta yankar albashinsa wata da watanni. Mafi muni, batun bincike kansa yana karkata. Wanda ya san hanyar da manomin Dawanau ko Giwa zai adana wake ba tare da zuba guba ba yana jin tsoron editan waje ya ce masa wannan matsalar unguwa ce, sai ya bar ta ya koma kan abin da ake yayi a Turai, da kayan aikin da ba su kai nasu ba.

Inda aka tara masu neman mafita ido rufe, 'yan damfara na nan tafe. Wani abokin aikina ya samu saƙon imel cike da kirari, ana kiransa fitaccen masani, ana gayyatar maƙalarsa. Ya aika ranar Litinin, kafin Juma'a an ce an karɓa ba gyara ko ɗaya, ya tura dalolin da aka nema. Da takardunsa suka je gaban kwamitin ƙarin girma aka ce mujallar ta bogi ce. Kuɗi sun tafi, aikin shekara guda ya ƙone domin ba mai sake karɓar abin da aka riga aka buga, ga kunya a gaban na ƙasa da shi. Ba shi kaɗai ba ne. A 2013 wani ɗan jarida na mujallar Science, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙala mai cike da kurakurai da gangan ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Abin takaici, sunayen Afirka ya laƙaba wa marubutan ƙaryar. Wani nazari daga Finland a 2015 ya kiyasta cewa maƙalun irin waɗannan mujallu sun tashi daga 53,000 a 2010 zuwa 420,000 a 2014, kuma a cikin marubutan 'yan Najeriya ne ke bin 'yan Indiya. Ba wai mun fi kowa rashin gaskiya ba ne. An ce mana mu ƙirga, sai muka ƙirga.

Na uku, a warwatse muke zuwa kasuwa. Muna da jami'o'i fiye da 250, ban da kwalejojin kimiyya da na ilimi. Kowane shugaban ɗakin karatu ya je shi kaɗai gaban kamfanin da ya fi jami'arsa kuɗi, a haɗa masa mujallu ɗaruruwa a dunƙule alhali kaɗan yake bukata, galibi da sharaɗin kada ya faɗa wa maƙwabcinsa nawa ya biya. Bana a biya, baɗi kuɗi su makara, a yanke. Wasu ƙasashen tuni suka daina wannan. Cibiyoyin Jamus kusan 200 sun haɗa kai suka ƙi sabunta ciniki da Elsevier, kamfanin ya yanke musu hanya a 2018, suka daure, suka ƙulla yarjejeniyar ƙasa baki ɗaya da Wiley a 2019 da Springer Nature a 2020, shi ma Elsevier ya sauko a 2023. Jami'ar Kalifoniya ta yi irin wannan tirjiya a 2019 ta samu yadda take so a 2021. Masar ta buɗe bankin ilimi na ƙasa a Janairun 2016, wanda duk ɗan ƙasa mai katin shaida ke shiga kyauta. Indiya ta amince a Nuwamban 2024 da rupi biliyan 60 na shekara uku, don mujallu wajen 13,000 daga kamfanoni 30 su isa ga cibiyoyi fiye da 6,300. Ni a ganina hanyar Indiya ta yi tsada, kuma ƙarshenta aljihun kamfanonin nan dai take cikawa, ba zan so mu kwafe ta sak ba. Abin koyi a wurinsu duka shi ne murya ɗaya suka yi ciniki da ita.

Na huɗu laifinmu ne tsantsa, ba ruwan Bature. A sashenmu akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda inda ake jibge kundayen ɗalibai masu baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Na shiga neman wani aiki da aka yi a kan takin gargajiya shekarun baya, na tarar gara ta ci rabin layin ƙasa, na sama kuma ruwan rufi ya manne shafukansu. Kowane ɗaya a cikinsu shekara biyu ko huɗu ce ta ran wani, da kuɗin iyayensa. Saboda ba mai iya ganin su, ɗalibi a Sakkwato yana maimaita abin da aka gama a Maiduguri, mai satar rubutu kuma yana kwafewa hankali kwance. Wasu jami'o'i, irin su Jos da Zariya, sun buɗe rumbun ajiya a intanet, a yaba musu. Mujallunmu na gida kuwa yawanci a wuyan mutum ɗaya suke rataye, ranar da ya tafi hutun bincike mujalla ta yi barci. Brazil ta nuna akwai wata hanya: a ƙarshen shekarun 1990 hukumar tallafa wa bincike ta jihar Sao Paulo ta ɗauki nauyin SciELO, dandalin da ke tace mujallun gida ya ɗora su kyauta, yau yana aiki a ƙasashe fiye da 12 har da Afirka ta Kudu. A nahiyarmu akwai AJOL, dandalin mujallun Afirka a intanet, tun 1998, kuma mujallun Najeriya ne suka fi yawa a cikinsa. Tushe na nan, mai ɗora gini ake nema.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku haɗa cinikin mujallu wuri guda. TETFund ya zauna da shugabannin ɗakunan karatu, su ne suka san abin da ake buɗewa da abin da ba a taɓawa, a fitar da tawaga ɗaya da za ta yi magana da yawun duk manyan makarantun gwamnati. Yarjejeniyar ta haɗa karatu da bugawa, ta yadda marubucinmu ba zai sake biya daga aljihunsa ba, kuma ɗalibi ya iya shiga da wayarsa daga gida, domin wuta da intanet na harabar makaranta kun san halinsu. Kada a sa hannu a kan sharaɗin ɓoye farashi. Kuɗin jama'a ne, a buga wa jama'a nawa aka biya, wa aka biya, maƙala nawa aka sauke. In kamfani ya ƙi saukowa, a tashi daga teburin, mu malamai za mu daure kamar yadda na Jamus suka daure, da ma ai ba a cikin daula muke ba.

Duk binciken da aka yi da kuɗin TETFund, a sa sharaɗi tun a takardar tallafi cewa za a ajiye kwafinsa a rumbun da kowa ke shiga kyauta ranar da ya fito, kuma marubuci ba zai sallama wannan haƙƙi ga kowa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba baƙon abu ba ne: masu ilimin fiziks suna haka a rumbun intanet na arXiv tun 1991, fadar shugaban Amurka ta ba da irin wannan umarni a Agustan 2022, kuma Najeriya na cikin ƙasashen UNESCO da suka amince da shawarar buɗe kimiyya a Nuwamban 2021. NUC kuma ta sa shi cikin sharuɗɗan tantance kwasa-kwasan gaba da digirin farko: ba a ba da shaidar digiri sai kundi ya hau rumbu. A ware kuɗi a ɗauki hoton tsofaffin kafin gara ta ƙarasa su.

Shugabannin jami'o'i, a sake duba ma'aunin ƙarin girma. A daina ƙirga, a fara karantawa. Mai neman zama farfesa ya zaɓi ayyukansa biyar da ya fi alfahari da su, masu tantancewa su karanta su faɗi me suka ƙara wa fannin, kuma a maƙalar haɗin gwiwa kowa ya bayyana abin da hannunsa ya yi. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta daɗe da gargaɗin kada a auna mutum da sunan mujalla, ƙasar Sin ma a 2020 ta umarci jami'o'inta su rage dogaro da irin wannan ƙidaya, ta hana ba da tukwicin kuɗi a kan yawan maƙalu. NUC ta fitar da jerin mujallun gida da aka tace da gaske, ana sabunta shi duk shekara, ana korar wadda ta lalace, kamar yadda ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Afirka ta Kudu ke da nata jerin. Maƙala a cikinsu ta ci maki daidai da ta waje. Idan ba haka ba, ba mai kai musu aikinsa mai kyau, kuma ba za su taɓa tashi ba.

Tallafin mujallu da asusunku ke bayarwa, a karkatar da shi daga buga kwafin takarda da ke ƙarewa a kabad ɗin ofis. A zaɓi mujallu kaɗan a kowane fanni, a ɗaukar musu ma'aikaci na dindindin, a biya musu shafin intanet da lambar shaidar maƙala ta duniya, da sharaɗin ba za su karɓi kuɗi daga marubuci ko mai karatu ba. Abin da ake kashewa a kan maƙala goma a waje zai riƙe mujalla guda shekara.

Ƙarami a cikin roƙon, amma ina jin sa a raina: duk aikin da aka tallafa a fannin noma, lafiya da ilimi ya zo da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa, ko Yarbanci, ko Ibo, ko harshen mutanen da aka yi aikin a cikinsu, a miƙa wa NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa da ke Zariya, da gidajen rediyo. Manomin da ya ba mu gonarsa muka yi gwaji, da matar da ta miƙa hannun ɗanta aka ɗebi jini, suna da haƙƙin jin abin da aka gano.

Kafin a zauna rabon kuɗin shekara mai zuwa, muna roƙon ku kira zama da shugabannin ɗakunan karatu da wakilan ɗaliban digiri na biyu da na uku daga kowace shiyya, ku kuma fitar da alƙaluman abin da manyan makarantun gwamnati suka biya kamfanonin mujallu na waje tun daga 2023, na karatu da na bugawa, makaranta bayan makaranta.

Wassalam. Allah ya ƙara girma.

Naku,
Malami a tsangayar aikin gona, a madadin abokan aiki da ɗalibai.